Wutar Baba Sito ta Ƙarshe

Shekara ashirin da biyu na yi ina buga takardu a hukumar da ke sa ido kan abin da ake sayar wa jama'a su ci, su sha, su shafa. Na fara da tafireta, na ƙare da kwamfuta, kuma a tsakanin nan shugabanni bakwai sun hau kujera a gabana. Duk na buga musu jawabi. Duk sun ce lafiyar al'umma ce ta hana su barci, kuma duk na ga yadda suke gyangyaɗi a wurin taro. In za a tambaye ni wanda ya yi wa garin nan aikin da ya kai a faɗa, ba zan ɗaga kai in dubi hotunan da ke jere a bangon ofis ba. Cewa zan yi a zagaya baya, a wuce janareta da matacciyar motar da kaji ke ƙwai a ciki, a tambayi Baba Sito.

Ba sunansa ba ne, amma ko matarsa haka take kiransa in ranta ya ɓaci. Gajeren dattijo ne, siriri, mai rigar kaki da ta sha wanki har ba a san launinta na asali ba, da tarin makullai ɗaure a ƙugu da igiyar takalmi. Ya shigo hukumar a matsayin lebura mai ɗaukar kwali, yana ɗan shekara ashirin da huɗu, ba shi da komai sai takardar firamare da ƙarfin kafaɗa. An ba shi sito ne bayan an kama wanda ya gabace shi yana sayar da madarar gwangwani da aka ƙwace, kuma ga mutumin da aka ƙwace ta a hannunsa yake sayarwa. Da aka zo neman wanda za a ba makulli, sai aka ga duk ofis ɗin shi kaɗai ne bai taɓa shan shayi da madarar ba.

Siton wani dogon ɗaki ne mai rufin kwano da taga ɗaya. Nan ake tara duk abin da jami'anmu suka kwaso daga kasuwa: abincin gwangwani da ya kumbura, jabun magani, man shafawa mai saɓule fata, lemon kwalba da ya fi wasu yaran unguwa shekaru. Shekara talatin da ɗaya Baba yana riƙe da wannan ɗaki, ko ƙwayar alewa ba ta taɓa yin ƙafa ba. Wasu sun gwada shi da kyauta, wasu da barazana, wani ma ya gwada shi da neman auren 'yarsa, duk suka gaji suka bari.

Aikin ya shiga jikinsa har ya zama ciwo. Duk gidan da ya shiga, kafin ya gama gaisuwa hannunsa ya kai kan gwangwani ko kwalba, ya juya gindinta yana neman ranar ƙarewa. Da na haifi 'yata ta fari ya zo duba mu. Sai da ya bincike hodar jariri da man shafawa da madarar da surukata ta kawo, ya ware biyu gefe ya ce kada a taɓa, sannan ya tambaya mace ce ko namiji. Surukata ba ta sake yi masa magana ba har ta bar duniya. Matarsa, wadda duk muke ce wa Mama, ta daɗe da daina zuwa kanti tare da shi. Ta ce ita sabulu take zuwa saya, ba zuwa take a kore ta ba.

Doka ta ce kayan da aka ƙwace ba a lalata su sai shugaban hukuma ya sa hannu, kuma yana tsaye a wurin. Wanda ya rubuta dokar nufinsa kada ma'aikata su karkatar da kaya. Abin da bai hango ba shi ne, in ka ce ɗan siyasa ya tsaya a wuri, to ka ce a kawo rumfa da kujeru da lasifika da masu kyamara. Haka ƙona kaya ya zama taron shekara-shekara a filin da ke bayan sito, kuma shi ne aiki ɗaya da mutanen gari suka san muna yi.

Baba ya ba ni labarin wutarsa ta farko da bakinsa. Lokacin bai daɗe da karɓar sito ba, sai ya yi abin da hankali ya ba shi: ya fito da kayan da suka fi haɗari, magungunan ruwa da ruwan allura da gwangwanaye, ya jibge su a fili. Shugaba ya zo da doguwar sanda mai tsumma a baki, ya kai wuta. Ta mutu. Aka ƙara kananzir, ta yi fuu, ta sake mutuwa. Hoton da ya fito a jarida na wani babban mutum ne yana tsokanar bola da sanda. Washegari aka kira Baba aka wanke shi tas, aka ce in bai iya wuta ba ya koma ɗaukar kwali.

"Ranar na gane, 'yar nan," in ji shi. "Ba dafi suke so a kashe ba, hayaƙi suke so a gani."

Tun daga nan ya sake tsarin sito. Wani zai jera kaya bisa iri ko bisa ranar da aka kawo su, shi kuwa bisa yadda suke cin wuta ya jera. A bakin ƙofa akwai katifun soso marasa inganci, da robobin abinci, da tsofaffin tayoyin da aka shafa wa baƙin fenti ana sayarwa a matsayin sababbi. Waɗannan yake kira 'yan gaba. A tsakiya biskit da garin madara da man shafawa, masu ci a hankali su riƙe wuta har a gama jawabi. Can ƙurya kuma, inda hasken taga ba ya kaiwa, duk abin da yake ruwa ne a cikin kwalba. Ya ƙware har ya kai in ka faɗa masa tsawon jawabin shugaba, zai faɗa maka katifa nawa ake bukata. Wasu hukumomin ma aronsa suke zuwa yi.

Kowane shugaba da abin da ya sa a gaba. Akwai wanda ya tashi haiƙan kan farar hula, ya ce duk mai sayar da nama ko burodi sai ya sa, aka yi wata shida jami'anmu ba su dubi nama ba, kai suke duba. Akwai wanda ya cika gari da allunan wanke hannu masu hotonsa, har a unguwannin da famfo ya shekara bai ɗigo ba. Akwai wata mace, Allah Ya saka mata, da ta so ta gyara ɗakin gwaji. Wata bakwai ta yi aka ɗauke ta, wai ba a jin ɗuriyarta a rediyo. Amma a kan wuta bakin mazan ɗaya ne. Na biyar ma sai da ya kira Baba har ofis.

"Hayaƙin wanda na gada, daga ina ake hango shi?"

"Daga tashar mota, ranka ya daɗe."

"To nawa a hango shi daga babban asibiti."

Aka kuwa hango. Har likitoci suka aiko a tambaya ko lafiya, don masu asma sun cika musu ɗaki.

A waccan ƙurya ta kayan ruwa akwai kwali arba'in na wani maganin tarin yara, ja, mai zaƙi, da hoton jariri yana dariya a jikin kwalba. An kwaso su ne daga shagon wani babban dilan magani, bayan an kwantar da yara biyar 'yan unguwa ɗaya fitsarinsu ya tsaya. Uku ne suka koma gida. Ɗakin gwaji, lokacin yana ɗan numfashi, ya rubuta cewa abin da ke cikin kwalbar ya fi kusa da ruwan da ake zuba wa injin mota fiye da magani. Baba ne ya sauke kwalayen da hannunsa, kuma bai gama jerawa ba uwar ɗaya daga cikin yaran da suka rasu ta zo bakin sito. Ta ce a nuna mata, ya nuna mata. Ta tambaya ko za a ƙona, ya ce za a ƙona. Wannan labarin ba ya ba da shi sai an matsa masa.

Daga shekarar, duk wata guda kafin taro sai in gan shi a bakin ƙofata.

"'Yar nan, a buga min irin ta bara."

Wasiƙar neman izinin lalata maganin ke nan. Sau shida na buga ta, kwanan wata kawai nake canzawa. Takan je teburin Sakatare, wani mutum mai santsi da ya ga bayan shugabanni da dama saboda bai taɓa cewa e ko a'a da rana tsaka ba. A rubuce yakan amsa da cewa ana duba lamarin. A baki kuma sai ya ce, "Baba, ruwa ne fa. So kake ka sake sa shugaba a jarida da sanda?" Baba ya kawo shawarar a haƙa rami a farfasa kwalaben a binne. Sakatare ya tambaye shi wane shugaba ne zai tsaya a rana ana ɗaukar hotonsa yana kallon rami.

Sai ga shugaba na bakwai, wanda muka sa wa suna Abokin Kowa. Mutum ne mai fara'a, ba ya wuce mai shara bai tambayi iyalinta ba, ba ya kuma tsayawa ya ji amsa. 'Yan kasuwa ne suka yi wa jam'iyyarsa hidima a zaɓe, shi ma bai ɓoye ba. Jawabinsa na farko ni na buga: hukuma ba dodo ba ce, zamanin tsorata masu neman na kansu ya wuce. Sannan ya yi shelar afuwa. Duk kayan da suka haura shekara biyar a sito babu takardar hujja a fayil, a mayar wa masu su. Za a yi gagarumar wuta ranar Asabar don kada a ce ya yi laushi, ranar Litinin kuma masu kaya su zo da motocinsu.

Sakatare ya kawo min jerin kayan da za a mayar in buga. Na huɗu a jerin, maganin tari, kwali arba'in. Na ɗauke hannuna daga kan kwamfuta.

"Yallaɓai, wannan ai yana da takardar gwaji."

"To nemo min ita, Malama."

Kwana biyu ina tona ɗakin fayil, na fito fari fat da ƙura, babu ita babu dalilinta. Mai gadi ne ya tuna min. Shekarar da aka so a hango hayaƙi daga asibiti, katifu sun yi kaɗan, sai shugaba ya ce a kwaso tsofaffin fayiloli a ƙara, tunda takarda na ci da kyau. Wato hujjar ta ƙone tuni, manyan baƙi na tafi, dafin kuwa yana nan a inuwa lafiya lau. Kwafi ɗaya da zai rage yana ɗakin gwaji, shi kuma ya daɗe da zama wurin ajiye kujerun taro. Na zauna a ƙasa na yi dariya har da hawaye, don in ban yi dariya ba ban san abin da zan yi ba.

Lokacin saura wa Baba mako uku ya yi ritaya. An riga an yi masa alkawarin taron ban kwana, da agogon bango, da takardar yabo ta shekara talatin da shida ba tare da aibi ba. Kada a ɗauka bai damu da ita ba. Ya damu ƙwarai. Mutum ne da bai gina gida ba, bai sayi ko babur ba, 'yan uwan matarsa sun shekara talatin suna kiransa wawan da ke kwana kan dukiya da yunwa. Wannan takarda ita ce amsar da yake shirin ba su, kuma Mama ta riga ta sanar da dangi kaf ranar da za su zo.

Ranar Alhamis ya nemi ganin shugaba. Na shiga da takardun sa hannu a daidai lokacin, na kuma yi ta jujjuya su kamar na ɓatar da shafi, don ban ga dalilin da zai sa a ba ni labari ba.

"A'a, Babanmu, gwanin wuta. Zauna mana."

Baba bai zauna ba. Ya fito da kwalba ɗaya daga aljihu ya ajiye kan tebur. Shugaba ya ɗauka, ya dubi jaririn da ke dariya, shi ma ya yi murmushi.

"Mai kyau ne? Autana kwana uku yana tari."

Ban taɓa ganin Baba ya fizge abu daga hannun babba ba sai ranar.

"Ranka ya daɗe, wannan ne na huɗu a jerin Litinin. Shi ya kashe yara biyu."

Shugaba ya ciro hankici ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. "Subhanallahi. Akwai takarda?"

"Ta ƙone."

"To ka gani. Ni mai bin doka ne, Baba. Kuma Dila, mai kayan, ya ba ni tabbaci ba sayarwa zai yi ba, kamfani zai mayar wa."

"Adireshin da ke jikin kwalbar na je da ƙafata, ranka ya daɗe. Wurin wankin mota ne."

"Wataƙila sun tashi. Kai dai ka haɗa min wutar da ba a taɓa gani ba, sauran ka bar wa manya."

Da muka fito, Baba ya bi ni har teburina ya tsaya yana murza hularsa. Ya tambaye ni, tunda ni nake buga irin takardun, me ake yi wa ma'aikacin da ya lalata kayan da ba a ba shi izini ba. Na faɗa masa gaskiya: haƙƙinsa na ritaya ba za a taɓa ba, amma yabo da taro da suna mai kyau sai dai ya ji ana yi wa wasu. Ya gyaɗa kai, ya ce min an gode, kamar na faɗa masa kuɗin mota.

Ranar Juma'a leburori suka fito da katifu da tayoyi, ƙarfe huɗu suka tashi. Jerin ƙarshe dama Baba ne yake yi shi kaɗai, ba ya yarda kowa ya sa masa hannu, don haka babu wanda ya yi mamaki. Ina tattara jakata na hango shi ta taga yana tura baro daga can ƙuryar sito, kwali biyu a kai. A sawu na uku na cire takalmina mai tsini, na zura silifan mai shara, na fita.

"Koma, 'yar nan. Ke da sauran shekarunki a wurin nan."

"Ni ban ga komai ba, Baba. Motsa jiki nake yi, likita ya sa ni."

Mai gadi ya dube mu, ya tashi ya juya bencinsa ya fuskanci bango, ya ƙara wa rediyonsa murya.

Ban taɓa sanin haɗa wuta ilimi ba ne sai ranar. Ya shimfiɗa tayoyi a ƙasa, ya jera kwalayen a kai da tazara tsakaninsu, ya cusa robobi a kowace tazara, sannan ya lulluɓe duka da katifu har ba a ganin ko kusurwar kwali. Yana yi yana min bayani kamar mai koyar da girki. Ya ce minti goma yake bukata na zafi mai ƙarfi, kwalaben su tsage kafin ruwan ya kashe wutar. Na tambaye shi abin da zai faru bayan minti goman. Ya ce shugaba zai shiga jarida. Bayana ya yi mako biyu yana ciwo, kuma mijina har yau bai yarda cewa a ofis na samo shi ba.

Asabar ta zo da rana mai kyau. Rumfa uku aka kafa. Abokin Kowa ya zo cikin fararen kaya tun daga hula har takalmi, Dila kuwa yana sahun gaba a matsayin wakilin 'yan kasuwa, yana fifita da takardar shirin taro. Shugaba ya karɓi sanda ya kai wuta, katifu suka kama gaba ɗaya, baƙin hayaƙi ya miƙe sama. Gaskiya wuta ce mai kyau. Aka yi tafi, masu kyamara suka durƙusa, shugaba ya koma kan lasifika ya fara karanta jawabin da na buga.

Yana shafi na biyu, daidai inda ya ce hukumarsa ba za ta runtsa ba, aka ji tas. Sai tas, tas, sai kuma ƙarar ta ɓarke ko'ina kamar harbi. Ɗan sandan da ke gadin shugaba ya kwanta a ƙasa. Matan ƙungiyar da aka kawo don tafi suka kwashi takalmansu. Wutar ta yi wani dogon tsaki ta durƙushe, baƙin hayaƙin ya koma farin tururi mai warin ƙonannen sukari, sai ga jan ruwa yana kwararowa daga ƙarƙashin tayoyi. Filin nan gangare yake, kuma rumfar manya a ƙasa aka kafa ta saboda inuwa. Shugaba ya ja da baya, takalminsa na dama ya ƙi binsa. Kafin a samo masa silifa ƙudan zuma sun iso, kuma duk wannan masu kyamara ba su daina aikinsu ba.

Dila ne ya fara ganewa. Na gan shi ya sunkuya ya ɗauki wani murfin kwalba da ya faɗo kusa da kujerarsa, ya duba, ya daina fifita.

Aka kira Baba. Ya zo ya tsaya, hula a hannu. Shugaba na tsaye da ƙafa ɗaya, ya dafa kafaɗar direbansa.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Maganin tari ne, ranka ya daɗe."

Sakatare, wanda duk da santsinsa ba mugu ba ne, ya yi maza ya buɗe masa ƙofar fita. "Kuskure ne ko, Baba? Leburori ne suka haɗa kwalayen, kai kuma ido ya fara rauni."

"A'a, Yallaɓai. Leburori sun tashi ƙarfe huɗu. Ni na jera, kuma ina gani sarai."

Na so in je in toshe masa baki da gyalena. Shekara sittin a duniya, mutumin nan ya kasa yin ƙarya ko da an tauna an sa masa a baki.

Taro ya watse ba a yi addu'ar rufewa ba. Baba bai tafi ba. Da toka ta huce ya ɗauko wani guntun rodi ya shiga bin ta, duk kwalbar da ta tsira ya fasa ta, har la'asar ta yi sanyi. Mama ta zo da kwanon abincinsa ta zauna kan wata kujerar da aka manta, tana kallonsa tana korar ƙudan zuma.

Ranar Litinin motar Dila ta zo duk da haka, don babu wanda ya tuna ya gaya wa direba. Shi ma Dila ya biyo baya, ya tarar da Baba yana share ƙuryar da babu komai. Ina wurin, an aiko ni in kira Baba ofis. Dila bai yi faɗa ba, dariya ma yake.

"Baba, ka ba ni mamaki. A kan kwali arba'in ka zubar da aikin shekara talatin da shida? Ka san nawa nake da su a wani gari?"

Baba ya jingine tsintsiya. "Ban sani ba, Yallaɓai. Ni arba'in aka ba ni ajiya."

Takardar sallamar ni na buga, Sakatare na tsaye a kaina yana faɗa min abin da zan rubuta. An soke taron ban kwana da yabo, ya ajiye makulli a ranar, saboda sakaci da ya jawo lalacewar kimanin kwali talatin na kayan wani ɗan kasuwa. Sakatare ya raɗa min cewa da gangan ya sa sakaci ya kuma rage adadin, don laifin ya yi sauƙi a fayil ɗin tsoho. Ya fita ya bar ni in ba Baba ya sa hannu cewa ya gani.

Baba ya karanta a tsaye, yana bin layi da yatsa, leɓɓansa na motsi. Ya kai ƙarshe ya koma farko.

"'Yar nan, akwai gyara."

"Rangwame aka yi maka, Baba. Sa hannu kawai."

"In takarda ta ce talatin suka lalace, goma suna ina?"

Ya ajiye takardar a gabana ya ci gaba.

"Goma suna raye ke nan, kuma an yi musu afuwa. Gobe ya ɗauko goma daga wancan garin ya ce namu ne, ga takardar hukuma a hannunsa, wa zai hana shi? Rubuta arba'in. Rubuta ko kwalba ɗaya ba ta rage ba. Sakacin nan ma cire shi, ki sa da gangan, kada a ce wasu sun tsira ban lura ba."

Na taɓa ganin masu roƙo a rage musu laifi, har da masu durƙusawa a gaban teburina. Wanda ya tsaya a ƙara masa, shi kaɗai na gani. Na sake bugawa, kuma ni da ake yabo da rashin kuskure sai da na goge layi ɗaya sau uku, don ba na ganin haruffan sosai. Haushi nake ji, da kunya, da wani irin alfahari da ban san inda zan ajiye shi ba. Na kai wa Abokin Kowa, ya sa hannu bai karanta ba, yana waya da wani ɗan jarida a kan takalmi.

Baba ya sa nasa hannun a ƙasa, a hankali, harafi bayan harafi. Sannan ya ɗan sunkuyo ya rage murya.

"In ba damuwa, ki yi min kwafi biyu. Ɗaya na Mamanku ne. Tun Asabar 'yan uwanta ke yaɗawa wai da sata aka kama ni, tana so ta nuna musu."

Na yi masa biyun, na sa na uku a jakata.